Daga Namaskaram Zuwa Adipoli: Yadda Na Koyi Malayalam a Bakin Titi

Na sauka a filin jirgin sama na Karipur da ke gundumar Malappuram a jihar Kerala ta kudancin Indiya cikin watan Yuli, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma a cikin jakata akwai wani ɗan littafin koyon harshen Malayalam wanda na haddace kusan rabinsa kafin in bar gida. Karatun digiri na biyu ne ya kai ni, da Turanci kuma ake koyarwa, saboda haka babu wanda ya ɗora mini koyon harshen mutanen wurin. Abin da ya sa mini sha'awa shi ne labarin da mahaifina ya sha ba mu na wani malaminsu na lissafi a sakandare, mutumin Kerala, ɗaya daga cikin malaman Indiya masu yawa da suka koyar a makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980, wanda ya iya Hausa har yana yi wa ɗalibai ba'a da ita. Na ƙudurta cewa in dai baƙo ya iya yi mana haka, to ni ma zan rama wa kura aniyarta.

Abu na farko da na gane shi ne ɗan Hindin da kowane Bahaushe ya tsinta a fina-finan Indiya ba zai tsinana mini komai ba, domin Malayalam ba dangin Hindi ba ce. 'Yar'uwar Tamil ce a cikin rukunin harsunan Dirabidiya, tana da haruffanta masu lanƙwashe-lanƙwashe, kuma ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu magana da ita a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 35. Ita kanta jihar Kerala a kan wannan harshe aka yanke iyakokinta ranar 1 ga Nuwamba, 1956. Abu na biyu kuwa, wanda ya fi ba ni takaici, shi ne littafin nan nawa harshen labaran talabijin da wa'azin taro ya koya mini. Na gaishe da direban da ya ɗauko ni da "namaskaram" cikin ladabi, ya waiwayo ya dube ni, ya yi mini sallama irin tamu ta Musulmi, sannan ya tambaya, "Sudani aano?"

Na yi ta bayanin cewa daga Nijeriya nake, ba daga Sudan ba, shi kuwa yana ta kaɗa kai yana murmushi. Sai daga baya na fahimci cewa a yankin Malabar, wato arewacin Kerala, ana buga wata gasar ƙwallon ƙafa ta mutum bakwai-bakwai a lokacin rani, wadda 'yan wasa daga Afirka ke zuwa bugawa, kuma duk baƙar fatar da ya zo sunansa Sudani ko daga wace ƙasa ya fito. Har fim aka yi a 2018 mai suna Sudani from Nigeria a kan wannan al'ada, kuma babu makon da zai wuce ba a tambaye ni ko na kalle shi ba. Wannan ce kalmar titi ta farko da na rubuta a littafina, kuma ni ne ma'anarta.

Tsarin da na bi da farko mai sauƙi ne. Na sayi ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu, na raba kowane shafi gida biyu, kalma a hagu, ma'ana a dama, sannan na nemi wurin da ake magana ba tare da an damu da ni ba. Wurin kuwa shi ne shagon mai shayi da ke bakin ƙofar makaranta, wanda suke kira chayakkada, kuma bai bambanta da teburin mai shayi na unguwarmu ba sai dai a abin da ake ci: a maimakon burodi da ƙwai, akwai pazham pori, wato ayaba nunanniya da aka tsoma a ƙullu aka soya, da porotta, wata irin gurasa mai ninki-ninki. A nan na koyi cewa kattan shayi ne ko kofi da babu madara, sulaimani kuwa baƙin shayi ne da ake matsa wa lemon tsami, wanda ake sha bayan an ci biriyani. A nan kuma na gane cewa in mutum ya ce maka "chaya kudicho?", wato ka sha shayi, ko "kazhicho?", wato ka ci abinci, ba gayyata yake yi maka ba, gaisuwa ce kamar yadda muke cewa ina gajiya ba tare da mun yi niyyar ɗauke wa kowa gajiyarsa ba. Sau biyu ina amsawa da cewa ban ci ba, ina jiran a ce bisimilla, mutumin ya ce in je in ci, ya yi gaba abinsa.

Kalmomin zan rubuta su a nan yadda matasan Kerala ke rubuta su da boko a WhatsApp, inda "ch" ke matsayin "c" tamu. Wannan rubutu ya sauƙaƙa mini shiga hira, amma shi ne kuma ya haƙa mini rami, domin yana da irin nakasar bokon Hausa: ba ya nuna tsawon wasali. Mu mun san garin da ake zama a cikinsa daban, garin tuwo daban, ko da yake rubutunsu ɗaya, amma baƙo ba ya sani sai ya ji. To haka na ga ana rubuta chetta ga duk namijin da ya girme ka, daga kwandastan bas har mai kanti, ma'anarta yaya. Wata rana a shagon da ake yin hoton takardu na kira mai shagon, mutum mai kimanin shekara hamsin, da wannan kalma, amma na gajarta wasalin farko, na kuma furta "t" ɗin da bakin harshe a bayan haƙora. Fuskarsa ta canza nan take. Abokin ɗakina, ɗan wani ƙauye kusa da Tirur, ya yi maza ya ce masa wani abu, mutumin ya saki fuska, muka fito. A waje ya bayyana mini cewa yaya shi ne "cheetta", a ja wasalin, a naɗe harshe zuwa ganɗa, abin da na faɗa kuwa zagi ne mai nufin ƙasƙantacce marar mutunci. Asalin kalmar ma bukkar talaka ce, kuma yadda sunan gidan matalauci ya rikiɗe ya zama zagi ya ishi mai lura ya hango tarihin bambancin aji a wannan ƙasa.

Daga ranar na ware minti goma sha biyar kowane dare don horar da kunne. Abokin nawa zai faɗi kalmomi biyu masu kama da juna, ni kuma in rufe ido in faɗi wadda na ji, sannan in ɗauki muryarsa a waya in riƙa saurare a kan hanya. A nan Hausa ta yi mini rana, domin wanda ya tashi yana bambanta baba da babba ba zai sha wuya wajen bambanta mathi, wato ya isa, da matthi, wani ƙaramin kifin teku da suke soyawa kusan kullum ba. Abin da Hausa ba ta shirya ni da shi ba shi ne harafin da suke rubutawa da "zh", wanda ke cikin mazha, ruwan sama, da puzha, kogi, da sunan birnin Kozhikode kansa. Ba "z" ba ne ko kaɗan. Ana naɗe harshe ne baya, a kusanto da shi ganɗa ba tare da ya taɓa ba, a fitar da wani sauti tsakanin "r" da "l". Na yi wata biyu ina fama da shi a gaban madubi, sannan wata rana na ji mai shayinmu ya ce "maya" da "payam" a wurin mazha da pazham, ya kuma kira birnin Koyikode. Ashe a maganar yau da kullum ta Malabar mutane da yawa "y" suke sa wa a wurin. Na ji daɗin wannan sassauci, amma ban daina atisayen ba, saboda kalmar kuzhappamilla, wato babu damuwa, ana buƙatarta sau goma a wuni.

Kuskuren da ya canza mini tsari gaba ɗaya ya faru ne a wata na huɗu. Na daɗe ina jin abokai suna ce wa juna "poda" suna dariya duk lokacin da ɗaya ya zuzuta ɗaya ko ya tsokane shi, sai na rubuta ma'anarta da "haba dai". Abokin ɗakina ya gayyace ni gidansu hutun ƙarshen mako, aka shimfiɗa abinci, mahaifiyarsa tana ta ƙara mini shinkafa tana kirana mone, wato ɗana, ni kuma ina kiranta Umma kamar yadda 'ya'yanta ke yi. Kawunsa, dattijo mai farin gemu da ya yi shekaru yana aiki a Jidda, ya saurari 'yan jimlolina ya ce nan da shekara zan fi abokin nawa iya Malayalam. Ni kuwa, don in nuna tawali'u cikin raha, sai na ce masa "poda". Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Abokina ya sunkuyar da kai. Umma ce ta fara dariya, ta ce "paavam", wato bawan Allah bai san komai ba, sannan kowa ya bi ta, har da kawun. Abin da na faɗa daidai yake da a ce yaro ya dubi sa'an mahaifinsa ya ce masa "kai, tafi can".

Ma'anar da na rubuta ba kuskure ba ce, abin da ban rubuta ba ne ya kashe ni. Da muka koma makaranta na sayi sabon littafi, na raba shafi gida huɗu: kalma, ma'ana, wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa. Sai abubuwa suka fara fitowa fili. Wannan "da" da ke ƙarshen poda guntuwar eda ce, wadda ake kiran namiji sa'a ko ƙani da ita, edi ko "di" ta mace ce, edo kuwa tana tsakiya, ba ta kai raini ba kuma ba ta kai girmamawa ba. Haka wakilin suna: nee na aboki ne da yaro, ningal na wanda ake girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku", thaankal kuma na takarda ne da kan mumbari. A Malappuram ma ba nee suke cewa ba, ijj suke cewa, ningal kuma ta zama ingalu. Musulmi yaya ikka ne, yaya mace itha, wanda ba Musulmi ba chettan da chechi, kuma mafi aminci shi ne ka guji wakilin sunan baki ɗaya, ka ce "Ikka ya sha shayi?" ko da shi kake magana ido da ido. Na kafa wa kaina doka cewa ba zan furta sabuwar kalma ba sai na ji ta sau uku daga bakuna daban-daban, sannan in fara gwada ta a kan abokin ɗakina, wanda ya riga ya yafe mini duk abin da zan faɗa.

Bayan wannan ne kalmomin wasa suka fara yi mini daɗi. Wadda kowane baƙo ke fara koya ita ce adipoli, yabo ga duk abin da ya burge, daga abinci zuwa ƙwallon da aka ci, kuma an haɗa ta ne daga kalmar duka da kalmar rushewa. Matasa sun gajarta ta zuwa poli, suna rubuta ta pwoli don ƙarin armashi, kuma in mutum ya yi abin a zo a gani sai a ce polichu ko thakarthu, wato ya rusa, ya farfasa. Ban yi mamaki ba, tunda mu ma in ɗan wasa ya yi bajinta cewa muke yi ya kashe su. Akwai kuma kidu da kidilan masu irin wannan ma'ana. Amma ra'ayina shi ne adipoli a bakin baƙo abin nishaɗi ne kawai, kamar aku ya yi sallama; za a tafa maka, ba za a ɗauke ka ɗan gida ba.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu hoto a cikinsu. Thallu turi ne, amma a bakin samari cika baki ne da zuƙi-ta-malle, don haka in mutum ya fara ba da labarin da ya wuce hankali sai a ce masa "thallalle", kada ka tura mu. Chali taɓo ne, kuma shi ne sunan barkwancin da bai ba da dariya ba. Theppu guga ce, irin ta tufafi, amma in aka ce budurwa ta goge saurayi, thechu, ana nufin ta yaudare shi ta bar shi, kuma na lura 'yan mata ake yawan jifa da ita, abin da su ba sa jin daɗinsa. In abokinka ya ajiye ka a bakin hanya kana jira har ƙafa ta yi sanyi, sai ka ce "post aayi", ka zama turken lantarki. Pani aiki ne, amma "pani kitti", na samu aiki, na nufin na shiga uku, "pani paali" kuma shiri ya wargaje, in abin ya yi tsanani sai a ce "ettinte pani", aikin takwas. Na tambayi mutum huɗu dalilin takwas ɗin, kowa ya ba ni amsa daban, sai na tuna ni ma da za a tambaye ni me ya sa muke shiga uku ba huɗu ba, da kame-kame zan yi.

Kalmar da ta fi taɓa ni ita ce machane, da 'yar'uwarta aliya, waɗanda abokai na ƙut-da-ƙut ke kiran juna da su. Asalin aliyan suruki ne, wato mijin 'yar'uwa ko ɗan'uwan mata, machan kuwa yakan ɗauki wannan ma'ana, yakan kuma nufi ɗan kawu ko ɗan gwaggo. Da aka yi mini wannan bayani sai na ce ai taubashi ke nan, na ba su labarin wasan taubasai da na Katsinawa da Gobirawa, inda zumunci ke halatta maganar da in wani ya faɗa sai a yi faɗa. Suka ce daidai ne, wanda ya kira ka machane ya ba ka izinin ce masa poda. Ni dai ban kira kowa da ita ba sai da aka fara kirana, kuma hakan bai faru ba sai a wata na bakwai, a filin ƙwallo, bayan na zubar da wata dama da ko makaho zai ci.

Ƙananan kalmomin da littafi ba ya kulawa da su ne suka fi wuyar kamawa, su ne kuma suka fi amfani. Ayyo ta zo mini da sauƙi, domin tana tsakanin ayya da wayyo, a sauti da ma'ana. Chumma na nufin haka kawai, ba don komai ba, kuma ita ce amsar duk tambayar da ba ka son amsawa, a ƙasar da baƙo zai tambaye ka albashin mahaifinka a haɗuwar farko. Pinne kuwa murya ce ke yanke mata hukunci: in an faɗe ta a gajarce tana nufin sannan, ko sai me kuma, in aka ja ƙarshenta tare da ɗaga gira, tana nufin ka ji ka, wa zai yarda, pinnalla kuma ƙwarai kuwa. Na ɓata shafi guda cur a kan wannan kalma, ina zana layi mai hawa da sauka a kanta, kamar yadda malamanmu na Hausa ke nuna karin sauti.

Wani sauƙin da ban zata ba ya zo ta hanyar Larabci. Musulmin Malabar, waɗanda ake kira Mappila, sun daɗe da hulɗa da fataken Larabawa ta teku, har suna da rubutun Arabi-Malayalam, wanda ajami ne sak irin namu, ga kuma ɗimbin mutanensu da ke aiki a ƙasashen Larabawa a yau. Don haka da na ji saurayi yana cewa khalb, wato zuciya, a waƙar soyayya, ko tsohuwa tana ambaton duniyavu, ban buƙaci tafinta ba. Monjathi, kyakkyawar mace, da bejaar, damuwa, da pahayan, wato ja'iri ko shaƙiyyi amma cikin ƙauna, duk a bakinsu na tsinta. Illar ita ce ban san na ɗauki karin harshen yanki guda ba sai da na je Kochi. Na yi wa wani mai keke napep magana, ya kashe injin, ya kira abokan sana'arsa su zo su ji Sudani mai cewa ijj. Su ne suka gaya mini cewa a Thrissur aboki gedi ne, kuma a kudu, wajen Thiruvananthapuram, ningal ɗin da nake taƙama da ita a matsayin ladabi tana iya zama kamar nesanta mutum, gara in ce chetta, tare da jan wasalin.

Na cika littattafai uku cikin shekara biyu, kuma a na ukun na fara ja wa wasu kalmomi layi, domin ƙananan ɗalibai da suka shigo bayanmu sun ce sun tsufa. Yawancin irin wannan magana daga fina-finai da shafukan barkwanci na Facebook da Instagram take fitowa, tana tashe wata shida, sannan ta zama abin dariya a bakin wanda ya makara.

Ranar da zan tafi na biya ta shagon shayi da jakata. A Malayalam ba a cewa na tafi kurum, ana cewa "poyittu varam", zan je in dawo, don haka na ce, "Ikka, poyittu varam." Ya zuba mini sulaimani, ya ƙi karɓar kuɗi, ya tambaye ni yaushe ne dawowar. Na ce baɗi in sha Allahu, kuma da mata zan zo. Ya ajiye butar, ya ɗaga gira, ya dubi abokin ɗakina, ya ja kalmar har sai da numfashinsa ya ƙare: "Pinneee."